Rabe-raben folima: me zan kai wa 'yan SS3 su taɓa da hannu?

Malamar Kemistiri: Salamu alaikum. Mako mai zuwa zan shiga rabe-raben folima, wato dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari da ake yin roba da su, ta fuskar yadda sarƙoƙinsu suke: miƙaƙƙiya, mai rassa, mai ƙulli tsakanin sarƙa da sarƙa, sai mai raga. Zanen allo ba ya zama a kan yaran nan. Me zan ɗauka in shiga aji da shi?

Ɗan Sharaɗa: Wa alaikumus salam. Jarka da ledar burodi, Malama. An gama.

Baban Biyu: Kai kullum a dunƙule. Warware mana.

Ɗan Sharaɗa: To, asalinsu ɗaya, foli'etilin ne. Jarka HDPE ce, lamba 2 a gindinta. Sarƙarta a miƙe take, sai ta jeru cif kamar damin kara, shi ya sa take da tauri. Leda LDPE ce, lamba 4. Rassa sun hana sarƙoƙin matsuwa, sai ta yi laushi, kuma tun wajen digiri 110 ta narke, jarka kuwa sai ta kai 130.

Alhaji Mai Injin Niƙa: Malama, ki haɗa da hannun tukunya, baƙin nan, da farantin melamin. Ni kuɗina ne ya koya min wannan darasi. Wani ya kawo min buhunan roba niƙaƙƙiya, ya rantse tsantsar bokiti da jarka ce. Ashe ya cusa fasassun farantai don nauyi. Muka zuba a inji, sauran suka narke, su kuwa suna nan kamar tsakuwa. Suka toshe rariya, kayan suka fito da ƙuraje, mai saye ya dawo min da su duka. Irin wannan shi ne mai raga, tun ranar da aka gasa shi ya ɗaure ta kowace fuska. Ko wuta nawa kika ba shi sai dai ya ƙone, ba ya komawa ruwa. Yanzu duk buhun da ya shigo sai an juye shi a duron ruwa. Lamba 2, 4 da 5 (robar PP, irin ta bokiti) suna tasowa, abin da ya nutse a ware shi gefe.

Baban Biyu: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma robar ruwan kwalba ma tana nutsewa, kuma tana narkewa.

Alhaji Mai Injin Niƙa: Ai ban ce a zubar ba, na ce a ware.

Injiniya: A sa guntun taya. Da farar wuta ake ƙulle sarƙoƙin ɗanyen roba, dabarar Ba'amurke Charles Goodyear ce ta 1839. Ni a wurina ma taya da hannun tukunya gida ɗaya ne, yawan ƙullin ne ya bambanta.

Ɗan Sharaɗa: Haba Injiniya. Taya tana miƙewa ta dawo. Je ka miƙe Bakelite, robar hannun tukunyar nan, mu gani.

Injiniya: Ƙulli kaɗan, ƙulli da yawa. Me na ce?

Baban Biyu: An fara ke nan 😂

Malamar Kemistiri: Littafinmu dai gida huɗu ya yi. Zan iya ɗana musu wuta a aji su ga bambancin?

Injiniya: Ban da bututun PVC, hayaƙinsa na ɗauke da asid. Ki yi a waje.

Ɗan Sharaɗa: Alhaji, har yanzu kuna sayen leda a kilo? Ina da buhu biyu a gareji.