Gwajin korona ya ce babu ranar Litinin, ya ce akwai ranar Laraba: wanne zan kama?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san harkar gwajin korona ya warware min wani abu da ya ɗaure min kai.

Ranar Litinin na tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon jiki, zuwa yamma zazzaɓi ya rufe ni. Na ɗauko gwajin gaggawa, irin wanda ake zura tsinken auduga a hanci, a jujjuya cikin ɗan ruwa, a ɗiga. Layi ɗaya ya fito, na wajen harafin C, wanda ke nuna gwajin ya yi aiki kawai. Hankalina ya kwanta, na ce mura ce. Na ci gaba da hidimar mahaifiyata, shekararta 74, ga ciwon suga. Ni nake ba ta magani, ni nake kama ta in za ta tashi.

Yau Laraba tari ya ƙaru, na sake gwadawa daga kwali ɗaya. Sai ga layi na biyu a wajen harafin T, mai nuna akwai cutar, amma dishi-dishi, sai da na kai shi bakin taga na tabbatar.

To na farkon ne ya yaudare ni, ko na biyun? Na gwada Mama ɗazu babu komai, kuma ba ta jin komai. In saki jiki? Abin da ke cin raina kwana biyun nan ne da na yi ina numfashi a fuskarta.

Ma'aikacin Lab:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kama na Laraba. Layi ko ya kai silin gashi siranta, in dai ya fito cikin lokacin da takardar kwalin ta faɗa, yawanci minti 15 zuwa 30, to akwai cutar. Wanda ya bayyana bayan lokacin ya wuce ne ba a lissafawa.

Na Litinin ɗin ma ba lalacewa ya yi ba. Gwajin gaggawa furotin ɗin jikin ƙwayar cutar yake nema, kuma ba ya ƙara yawan abin da ya samu. Iya abin da audugar ta kwaso da shi zai yi aiki. A ranar farko sau da yawa ƙwayar ba ta taru a hanci ba tukuna, musamman ga wanda ya yi rigakafi ko ya taɓa kamuwa, domin garkuwar jikinsa kan tashi da wuri, zazzaɓi ya riga ƙwayar yawaita. Shi kuwa PCR, gwajin da muke yi da inji a lab, RNA ɗin ƙwayar yake nema, wato sinadarin gadonta, injin ya yi ta ninka shi zagaye bayan zagaye, har kusan 40. Shi ya sa ɗan ƙanƙanin abu ma yana kama shi.

Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta fitar a 2022 ta tattara bincike masu yawa, ta samu cewa gwajin gaggawa na kama kusan kashi 73 cikin 100 na masu cutar da ke da alamu, amma kusan 55 kawai a marasa alamu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wanda ba shi da cutar, sama da 99 cikin 100 gwajin zai ce ba shi da ita. Ma'ana in ya ce akwai, da wuya ya yi kuskure. In ya ce babu, a nan ne ake taka-tsantsan. Dalilin ke nan hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce a 2022 in gwajin ya ce babu, mai alamu ya maimaita bayan awa 48, marar alamu kuma ya yi sau uku, da tazarar awa 48 tsakani. Abin da kika yi ke nan daidai.

Wani abu da nake yawan gani: mutane na shafa audugar a bakin hanci kawai su cire saboda atishawa. A goga ta a bangon hanci sosai, duka ɓangarorin biyu, kuma kada a fyace ƙarfi-ƙarfi ana gab da gwaji sai in takardar ta ce a yi. A duba ranar ƙarewar wa'adin kwalin, kada kuma a bar shi cikin zafin rana.

Baban Yara:

Malam ya yi bayani, amma kada a ɗauka PCR ba shi da nasa. Ni na warke sarai, sati biyar bayan nan aka yi min PCR saboda tafiya, ya ce akwai. Na shiga damuwa ƙwarai, na killace kaina daga yarana a banza. Daga baya likita ya fahimtar da ni cewa ɓurɓushin matacciyar ƙwayar yake gani, kuma hakan na iya kaiwa kwana 90. PCR ba ya bambance mai rai da matacciya. Saboda haka Hajiya, in kin ji sauƙi kina son sanin ko har yanzu za ki iya shafa wa Mama, gwajin gaggawar ya fi kusa da ba ki amsa.

Anti Nas:

Ƙanwata, maganar Mama ce ta sa na tsaya. Gwajin yau bai wanke ta ba, ya yi wuri. Cutar kan ɗauki kwana biyu zuwa biyar, wani lokaci fiye, kafin ta nuna. Ki sake gwada ta Juma'a, ki kuma Lahadi. In da hali a yi mata PCR, ya fi.

Ki kira likitanta yau, kada ki jira layi ya fito. Mai shekarunta da suga tana cikin waɗanda ake ba maganin ƙwayar cutar irin su Paxlovid, kuma sai an fara cikin kwana 5 da bayyanar alamu, ga shi yana karo da wasu magunguna, dole likita ya ga jerin abin da take sha. Tsofaffi ba lallai su yi zazzaɓi ba. Ki lura da rikicewar tunani, yawan barci, ƙin abinci, sugan da ya hau ba dalili. In numfashi ya yi mata wuya, asibiti kai tsaye, ko gwajin ya ce me.

Kuma ki daina zargin kanki. Kin gwada, kin sake gwadawa, da yawa ba sa yin na biyun.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malam, ka faɗi gaskiya, ranar Litinin atishawa ta sa ban goga sosai ba. Anti, na kira likitan, ya ce in karanto masa magungunanta, kuma za a yi mata PCR ranar Juma'a. Ƙanena ya karɓi kula da ita, ni ina ɗaki na daban, in zan fito sai da takunkumi, tagogi a buɗe. Ɗazu ta aiko a tambaye ni ko na ci abinci.