Karyata ƙarama tana ƙamewa a kan lilon katako ranar gasa

Uwar Kibiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga gasar ajiliti, wato wasan da kare ke tsere yana bi ta shingaye da sauran kayan fili mai shi na jagorantarsa, da ƙananan karnuka.

Karyata Kibiya jinsin Papillon ce, shekararta biyu da wata uku. Tsayinta a kafaɗa santimita 27, nauyinta kilo 3 da 'yan kai, don haka tana rukunin ƙanana, na 'yan ƙasa da santimita 35. Mun shekara muna atisaye. Tsallaken shinge ba ya ba ta wahala, bututu kuwa sai dai in hana ta shiga. Sandunan saƙa goma sha biyun nan, waɗanda kare ke ratsawa hagu da dama, da suka sha mana kai wata huɗu, yanzu zare su take kamar allura a yadi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: lilon katako, wato dogon katakon da ke kan madogara a tsakiya, kare ya hau ta baki ɗaya nauyinsa ya rinjayi ɗaya bakin ya sauka ƙasa.

A filin atisayenmu tana hawa, ta ɗan dakata, katakon ya sauka, ta wuce. Ba da gudu ba, amma dai tana yi. Gasa biyu muka shiga. A ta farko ta hau, kafin ta kai tsakiya ta tsaya cak, ta kwantar da kunnuwa tana kallona. Na yi kira, na yi tafi, sai ta diro ta gefe. A ta biyu ko hawa ba ta yi ba, zagaye shi ta yi ta yi, ƙi uku suka cika, alƙali ya fitar da mu. Na sunkuce ta na bar fili, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina fita wata mata ta ce mini wai irin wannan karen ai na ɗorawa a cinya ne. Har yau maganar tana ci mini rai.

To nauyinta ne bai isa ya rinjayi katakon ba? Ko in haƙura da lilo gaba ɗaya, mu tsaya a zagayen tsalle da babu abin hawa a ciki?

Dattijon Fili:

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, nauyinta ya isa. A dokar FCI, ƙungiyar kula da harkar karnuka ta duniya, kafin a yarda da lilo sai an ɗora masa nauyin kilo 1 a tsakiyar wurin da aka yi wa fenti a ƙarshen katakon an ga ya sauka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Taki ta ninka haka sau uku.

Amma ki duba abin ta idonta. Kare mai kilo 18 yana ɗan gota tsakiya katakon ya fara bin sa, kafin ya ankara ya kai ƙasa. Taki kuwa dole ta yi tafiya har kusan bakin katakon kafin ya motsa, a can sama, ta tsaya tana jira, sannan ƙasa ta zame mata, sannan ƙarar bugawa, sannan katakon ya ɗan yi tsalle da ita. Wato ƙaramin kare ya fi babba nisan faɗuwa, ya fi shi daɗewa a sama. Idan ta tsaya kusa da tsakiya don tsoro, katakon ba zai sauka ba, ita kuma ta rasa abin yi. Abin da kika gani ke nan a gasar farko.

Kuskuren da nake zargi, kuma ni ma na tafka shi da karena na farko: lilo ɗaya tak ta sani. Ba lilo ta koya ba, lilon filinku ta koya. Na katako da na alminiyam ba ƙararsu ɗaya ba, ba saurinsu ɗaya ba, wani yana rawa a ƙafa, wani yana bugawa kamar an saki murfin ƙarfe.

Ga yadda nake yi. Ki koma farko kamar ba ta taɓa gani ba. Ki tallafe katakon yadda bakin zai rage yatsa biyu ya taɓa ƙasa, ta taka da ƙafa, ya buga, ki ba ta lada nan take. Ki maimaita har ta gane cewa ƙarar nan ita ke kawo ta, kuma ƙarar ce ke kawo daɗi. Sai ki riƙa ƙara tazarar kaɗan kaɗan, cikin makonni, ba kwanaki ba. A gefe guda ki tokare bakin da tebur yadda ba zai motsa ba sam, ta koyi sheƙawa har ƙarshe ba tsayawa, ladanta na jiranta a can baki. Idan biyun suka zauna sai ki haɗa su, wani ya riƙe katakon ya sauke a hankali.

Abu na ƙarshe. Kada ki koya mata tsayuwar ƙafa biyu a ƙasa biyu a katako a kan lilo. Wannan na manyan karnuka ne. Mara nauyi irin taki, katakon zai ɗaga ƙafafunta na baya idan yana komawa. Ƙafa huɗu a kai, ta ɗan duƙa ta mai da nauyi baya, sai kin sallame ta ta sauka. Kuma ki nemi lilo uku ko huɗu daban ta hau kafin ki sake sa sunanta a zagayen da yake ciki. Kafin nan ku ci gaba da zagayen tsalle.

Mai Shelti Biyu:

Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, sai dai ni zan taɓa inda bai taɓa ba. 'Yar uwa, ki nemo bidiyon gasar nan ki kalli kanki, ba karyar ba. Na rantse za ki ga kin sunkuya a kanta. Duk mu masu ƙananan karnuka ciwonmu ke nan. Muna ganinsu can ƙasa sai mu rusuna muna miƙa hannu, a zatonmu taimako muke. A wurin kare mai santimita 27, mutum ya juyo ya fuskance shi ya duƙo kansa, ma'anarsa tsaya ko ja baya. Ga tafi, ga murya ta canza. Ta ji a jikinta cewa uwar ɗakinta ta tsorata da wannan katakon, to ita wa ce da za ta hau? Ƙaramin kare ƙafafunki da inda ƙirjinki ya dosa yake karantawa, hannun da kika ɗaga sama ba ya ma ganinsa sosai. Miƙe tsaye, dubi bakin katakon, ci gaba da tafiya.

Inda na ɗan saba da Baba shi ne batun ci gaba da zagayen tsalle yanzu. Ni da zan ba ta hutun gasa ɗaya ko biyu. Ki kai ta wurin, ta ji lasifika da haushin karnuka da bugun lilo daga nesa, ku yi wasa a gefe, ku koma gida. Ƙaramata sai da na yi mata haka sau uku kafin ta daina lafewa a layin farawa.

Sannan don Allah likitan dabbobi ya duba mata gwiwa. Gocewar ƙoƙon gwiwa ta yi yawa a ƙananan jinsuna, Papillon na ciki. Karen da saukar katako ke yi wa zafi ba zai gaya miki ba, ƙin hawa kawai zai yi. Idan kin taɓa ganin tana ɗage ƙafar baya taku ɗaya ko biyu tana gudu sannan ta mayar, kada ki jira.

Ita kuwa mai maganar cinya, ki bar ta. Shinge ake saukar wa namu zuwa santimita 25 ko 30. Dalar katakon nan da ake hawa ta gefe ɗaya a sauka ta ɗayan tana nan a santimita 170, siririyar gadar katakon ma tsayinta ɗaya ga kowa. Tun da aka fara nuna wasan a Crufts, babban bikin nunin karnuka na Ingila, a 1978 da manyan karnuka aka fara, kayan ma da su aka auna. Namu su ke hawa abin da ya ninka tsayinsu sau shida.

Sabon Shiga:

Ni ban kai ga ba da shawara ba, wata biyar ke nan da fara atisaye. Tambaya ce da ni a kan maganar Baba: ladan nan ai ba a shiga fili da shi ranar gasa, ko? Yaya za ta yi in ta kai baki ba ta ga komai ba?

Dattijon Fili:

Gaskiyarka ɗana, ba a shiga da abin ci ko abin wasa a hannu, taɓa kare ma laifi ne. Shi ya sa ake janye ladan a hankali. Da farko a bakin katako, sai bayan ta sauka, sai bayan shinge ɗaya, sai biyu, har ya koma wajen fili. Wanda ya yanke shi rana ɗaya shi ke kuka.

Uwar Kibiya:

Na dawo da labari bayan mako biyar. Na gode Baba, na gode Yaya, Allah ya saka.

Gwiwa lafiya lau, likita ya murza duka biyun ya ce ba sa gocewa. Bidiyo kuwa, Yaya, kamar kina wurin. Na wuce ta da taku biyu, na juyo na tare mata gaba, na duƙa har gashina na neman taɓa katakon. Ni ce na toshe mata hanya ina kiranta ta zo. Sau biyu na kalla na kashe wayar.

Wasan bugun nan ya karɓe ta fiye da zatona. A kwana na huɗu ita ke ja na zuwa wurin katakon, ta buga da ƙafa ta juyo tana jiran haƙƙinta. Yanzu tazarar ta kai kamu ɗaya. Gudu zuwa baki a kan tebur ma ya zauna, sai dai ni ce har yanzu bayana ke son lanƙwashewa, mai koyar da mu ta ce za ta ɗaura mini sanda.

Ranar Asabar mun je wani fili mai lilon alminiyam. Bugun farko ta yi tsalle baya ta ɓuya tsakanin ƙafafuna. Na mayar da tazarar yatsa biyu, a karo na shida ta taka da kanta, muka tsaya a nan. Gasar wata mai zuwa za mu je kallo ne kawai, ta bayanta kuma na sa sunanta a zagayen tsalle. Baba, lilo na uku da kake cewa, in bari sai ta gama sabawa da na alminiyam ɗin, ko in haɗa su a mako ɗaya?