Muhawara: Gamsuwar ɗalibai ce ma'aunin jami'a ta gari?

Ɗalibar ajin ƙarshe: Ni dai maganata ɗaya ce. In ana so a san ko jami'a tana aikinta, a tambayi ɗalibai, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A Birtaniya tun 2005 ake raba wa 'yan ajin ƙarshe tambayoyi kowace shekara a kan koyarwa, duba aiki da ɗakin karatu, a wallafa sakamakon kowa ya gani. Jami'ar da ɗalibanta ba su gamsu ba, ta gaza, shi ke nan.

Malamin fiziks: 'Yata, a kan ruwa da wuta da ɗakin kwana na ba ki gaskiya, ba mai ja da ke. Amma koyarwa fa? A 2019 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Harvard. An koya wa ɗalibai fiziks ta hanya biyu: lacca tsaf daga ƙwararren malami, da kuma wadda ake sa su warware tambayoyi da kansu rukuni-rukuni, su yi ta tuntuɓe kafin a nuna musu. Da aka yi jarrabawa, ta biyun ce ta fi zama a kansu. Da aka tambaye su kuwa, sai suka ce laccar ta fi ƙarar da su. To wanne za mu ɗauka, bakinsu ko takardarsu?

Ɗalibar ajin ƙarshe: Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ku dai ba kwa so a ba ku maki ne.

Malamin fiziks: Wa yake so? Amma ji wannan. A kwalejin sojin sama ta Amurka ɗalibi ba ya zaɓar malami, rabo ake yi. Binciken Carrell da West na 2010 ya nuna malaman da ɗalibai suka fi yabo su ne ɗalibansu ke cin maki a aji ɗin, amma su yi baya a kwas na gaba. Ka ɗaura ƙarin girmana a kan yabon ɗalibi, gobe in sassauta jarrabawa, kowa ya fita yana murmushi.

Ma'aikacin ofishin rajista: Ku duka kun manta abu ɗaya. Gamsuwa tana bin abin da mutum ya sa rai ne. Ma'aunin SERVQUAL na 1988, na auna ingancin hidimar da ake yi wa abokan ciniki, wanda ake yawan aro wa jami'o'i, tazarar da ke tsakanin zato da samu yake aunawa. Wanda ya saba da wahala, in fanka ta juya sai ya rubuta “madalla”. Wanda ya saba da daɗi, intanet ta ɗauke na minti biyar ya rubuta “tir”. Ka kwatanta jami'o'in nan biyu da makin nan, ka zalunci ɗaya.

Ɗalibar ajin ƙarshe: Yallaɓai, ba zato ba ne ya ɓatar min da sakamako. Na tsaya a tagar ofis, fayil ɗina na hango shi a ƙarƙashin wasu, an ɗora masa kofi, aka ce in dawo gobe. Goben ma gobe. Wannan ma sai an yi gwaji a Harvard kafin a yarda da ni?

Ma'aikacin ofishin rajista: A'a, ƙanwata, wannan laifinmu ne. Shi ya sa nake cewa a daina tambayar “kin gamsu?” A tambayi kwana nawa sakamako ya ɗauka, an amsa ƙorafinki ko ba a amsa ba. Ingila ma ta cire tambayar gamsuwa ta gaba ɗaya daga tambayoyin nan da ake raba wa 'yan ajin ƙarshe a 2023.

Uwar ɗalibai: Ni da nake biya, wa ya tambaye ni? Babban ɗana malamin da ya fi tsana a makaranta, yau shi yake wa addu'a. A jira su fita su fara aiki tukuna, sannan a tambaye su.

Malamin fiziks: Hajiya, bakinki ya faɗi nawa.

Ɗalibar ajin ƙarshe: Mama, wato famfon da ya mutu ma sai na gama bautar neman aiki za a ji ra'ayina a kansa? Kuma Yallaɓai, takardun da muka cike bara, wa ya karanta su?

Ma'aikacin ofishin rajista: An tura su kwamiti.

Ɗalibar ajin ƙarshe: Wane kwamitin? Ku faɗa mana sunan shugabansa da ranar zamansu, za mu turo wakilai.