GA ko LASSO? Sati shida ya rage mini

Umma_Bio: Salam 'yan uwa. Aikin digirina na biyu kan bayanan sankarar jini ne na Golub, 1999: mutum 72, ma'aunin ƙwayoyin gado 7,129, a zaɓi 'yan ƙwayoyin da za su rarrabe nau'o'in sankarar guda biyu, ALL da AML. Malamina ya dage sai GA (genetic algorithm), wato kwamfuta ta riƙa haɗa rukunin ƙwayoyi, masu kyau su hayayyafa, sauran a zubar. Laftof ɗina RAM 4GB ne. In daure, ko in roƙe shi mu koma LASSO, dabarar lissafin da ke zubar da ƙwayoyin da ba su da tasiri?

Sadiq_Py: Ki sayi mai 16GB kawai. Tokunbo na samu tawa, dubu 280.

Maman Hanan: A wace kasuwar? Dubu 450 aka ce mini, kuma batirin ya mutu.

Bakatsine: Ƙanwata, ba inji ne matsalarki ba. Ni na yi GA da DEAP, wata manhajar Python, kan bayanan sankarar hanji na Alon, samfur 62, ƙwayoyi 2,000. Kwana uku tana gudu, aka ɗauke wuta, na sake daga farko. Ƙarshe na samu daidaito kashi 100 wajen rarrabe samfuran, har na yi wa gida albishir. Ranar difens, wato kare aikin digirin, malamin da aka gayyato daga waje ya yi tambaya ɗaya: da duka samfuran ka zaɓi ƙwayoyin kafin ka raba na gwaji? Na ce eh. Ya ce to ka nuna wa ɗalibi amsa kafin jarrabawa, je ka karanta takardar binciken Ambroise da McLachlan, 2002. Da na gyara, sakamakon ya zube. Shekara guda ta tafi, malamina ko uffan bai ce ba.

Sadiq_Py: Allah ya mayar da alheri. Amma wannan kuskurenka ne, ko da LASSO haka za ta faru.

Dr_Lab: Ku 'yan kwamfuta, kowane gudu GA ta ba ku ƙwayoyi daban, ba ku tambayar me suke yi a jiki.

Sadiq_Py: Ranki ya daɗe, kin taɓa rubuta layi ɗaya na kod?

Ɗan Baiwa: Ƙwayoyi na ta aure ba sadaki ba lefe, mu muna nan gwauraye 😂

Umma_Bio: Don Allah, 4GB ɗin zai ɗauka?

Maman Hanan: Ko ya ɗauka, sai kin buga takarda kafin a sa miki hannu. Ni da aljihuna na biya kuɗin mujalla, da dala, sunana kuma ya zo na uku.

Bakatsine: Na uku? Ke kin ma samu wuri.