An ce na riƙe kuɗin gwauruwa: in yi magana a gurup ko in je wurin fasto?

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni ce ma'ajin zumuntar mata a wata majami'a nan Yamai. Mun yi karo-karo, jika 85 (wato sefa dubu 85), don wata gwauruwa da za a yi wa ɗanta aiki a asibitin Galmi. Bayan sujada shugabarmu ta ce mini da baki, "ki riƙe har su tashi." Na riƙe. Ashe ita gwauruwar, Bazabarma ce, wata ta gaya mata da Zabarmanci cewa za a kai mata kuɗin gida. Ta jira ba ta ga kowa ba, kunya ta hana ta tambaya, ta ci bashi ta hau mota. Sai da suka wuce Dogonduci na ji sun tafi. A ranar na tura mata kuɗin, takardar tana hannuna. Yanzu wata dattijuwa ta sa bokal, wato saƙon murya, a gurup ɗinmu na WhatsApp, wai "wasu sun mai da kuɗin Allah jari." Ba ta kama suna ba, amma kowa ya san wa ke riƙe da asusu. Tun ranar ko abinci ba ya shiga. Me zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Bukoki: Ki sa hoton takardar a gurup ɗin yau ɗin nan. A fili aka ɓata ki, a fili za a wanke ki. Shirun da kike yi shi ke ba maganar ƙafa.

Dattijon ikilisiya, Wadata: Ɗiyata, kada ki fara da gurup. Matta 18:15-17 bai bar mu cikin duhu ba: ki je ki sami dattijuwar ku biyu. In ba ta ji ba, ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai wa ikilisiya. Mu kuwa mun juya abin, da taron jama'a muke farawa. Kuma da ƙafa za ki je, kada ki aika bokal, don bokal ana tura shi gaba, ana yanke shi, wanda bai ji farko ba ya ji ƙarshe. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki zauna, ki ce, "Mama, na ji abin da kuka faɗa, da ni kuke?" Daga nan ki yi shiru ki saurara. Mai yiwuwa abin da aka kai mata daban ne da abin da ya faru. Na sha zama sulhu, sau da yawa mutum biyun da ke gaba ba su taɓa jin zancen daga bakin juna ba, kowa daga ɗan aike ya samo nasa.

'Yar'uwar Bukoki: Baba, gaskiya ne, amma matan da suka ji bokal ɗin fa? Su ma gida-gida za ta bi su?

Dattijon: A'a. Idan sun fahimci juna, wadda ta yi maganar ita za ta gyara a inda ta yi ta. Wankewar da ta fito daga bakinta ta fi hoton takarda nauyi.

Malamin makarantar Lahadi: Ni abin da na hango ya wuce mutum biyun nan. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 6. Gwauraye masu jin Helenanci aka riƙa mantawa da su wajen rabon abinci, gunaguni ya tashi. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin. Majami'unmu na Yamai haka suke, ga Hausa, ga Zabarmanci, ga Faransanci, ga Gurmanci, ga baƙi 'yan Togo da Benin. Saƙo ya bi ta baki uku da harshe biyu, ina zai iso daidai? Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ku karanta 2 Korantiyawa 8:20-21. Ku sa mata biyu kan asusu, duk shawarar kuɗi a rubuta: nawa ne, wa zai kai, wace rana. A karanta da harshen da mai karɓa take ji, a gabanta.

Wata uwa daga Tawa: Kowa yana ta maganar sunanki, an manta da mai ɗa a gadon asibiti. Ki fara kiran ta. Ki tambayi jikin yaron, ki bayyana mata yadda aka yi, ki ji ko kuɗin sun rufe bashin da ta ci. In Hausarta ba ta da ƙarfi, nemi wadda kuka yarda da ita ku biyu ta fassara. Kada ki ce "ba komai" in akwai komai, wannan "ba komai" tamu ta raba zumunci da yawa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na kira gwauruwar, an yi aikin, yaron ya fara cin abinci, saura jika 10 cikin bashin. Gobe da la'asar zan je gidan Mama. Shugabarmu ta ce za ta raka ni, na ce ta bari in fara zuwa ni kaɗai. Baba, in ta ƙi buɗe mini baki, zan dawo in tambaye ku wa ya dace in tafi da shi karo na biyu.