Neman shawara: in shiga noman sitibiya ko in haƙura?

Mai tambaya, daga Kura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina noman rani a Kadawa, tumatir da albasa, bana kuwa tumatir ya faɗi warwas. Wani ya zo mana da tallan irin sitibiya, ganyen nan mai zaƙi, wai in na shuka kadada ɗaya kamfanonin lemo ne za su riƙa bina da kuɗi. Kafin in zuba ɗan jarina, don Allah masu sani ku haska mini.

Malamin gona, Zariya: Wa alaikumus salam. Shukar gaskiya ce, asalinta Paraguwai da Brazil, Japan ta fara kasuwancinta tun shekarun 1970, yanzu kuma China ce kan gaba wajen nomanta. Sinadarin da ake tacewa daga ganyen ya fi sukari zaƙi sau 200 zuwa 300. Amma Malam, in ƙwaya yake sayar maka, ka yi hattara. Ƙwayarta ba ta tsiro da kyau, reshe ake yanka a raina a dasa. Saiwarta ba ta nisa, kullum tana son laima, kuma ruwa na kwanciya sai ta ruɓe. Zafin Kano na Maris zuwa Mayu zai wahalar da ita in babu inuwa. Sannan da zarar tsawon yini ya gaza awa 13 sai ta hau fure, mu kuwa yininmu bai cika wuce haka ba. Dole ka yanke kafin furen ya buɗe, don daga nan zaƙin ke raguwa.

Manomi, Filato: Ina da 'yan kwami a bayan gida, sanyinmu ya karɓe ta. Kusan duk wata uku nake yanka, ta sake tohowa. Inda aikin yake shi ne shanya. Ka baza ganyen sama-sama a tabarma, inda iska ke kaɗawa. In ka jibge shi, gobe da safe za ka tarar ya yi baƙi yana warin gumi, ba mai saye. Wanda ya bushe daidai yana nan kore shar, yana karyewa ƙas a hannu.

Mai zoɓo, Kaduna: Ni na gwada a zoɓo da kunun aya. Akwai zaƙi kam, sai dai yana barin ɗan ɗaci a maƙogwaro, yara ba sa so. Masu ciwon suga ne ke nema. Su ma nakan gaya musu ba magani ba ne, kada wani ya ajiye ƙwayoyinsa.

Ɗan kasuwa, Dawanau: Ɗan'uwa, tambaya ɗaya za ka yi wa mai irin nan: wa zai saya, nawa kilo, zai sa hannu a takarda? Kamfanin lemo ba ya sayen ganye, farin garin da aka tace yake saye, tacewar kuma sai masana'anta. Manoman Kericho a Kenya sun shiga ne saboda kamfanin PureCircle ya ba su dashe ya kuma ɗauki alkawarin saye. Ni a nan kasuwar tamu ban taɓa jin wani ya zo cigiyar buhunsa ba. In ma ƙullawa za ka yi a leda ka kai shaguna, sai da rajistar NAFDAC.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na kira shi, da na kawo zancen takarda sai ya ce zai neme ni. Zan ware kwami biyu in gwada, albasata na nan. Malam na Filato, yaushe ya fi dacewa in dasa?

Manomi, Filato: A wajenku ka bari sai zafi ya karye, wajen Nuwamba. Ka raini dashen a inuwa, in ya yi saiwa ka fitar da shi da yamma.