Neman kalma: na'urar da ke sakar wa jirgin ƙasa wuta da kaɗan-kaɗan

Injiniya Bala:
Assalamu alaikum. Ina rubuta darasi da Hausa kan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki, sai na cije a kan abin da Turawa ke kira current limit relay. Ga aikinsa tukuna, don kada mu raɗa suna a kan abin da ba mu gani ba.

Injin lantarki irin na DC, wato mai aiki da wutar da ke gudana ta fuska ɗaya kamar ta batir, idan yana tsaye cik aka sakar masa wuta gaba ɗaya, zuƙarta zai yi fiye da kima. Ko kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, ya ƙone, ko ƙafafun jirgi su yi ta sulɓi a kan dogo. Shi ya sa ake jera masa resista a gaba, wato abubuwan da ke rage yawan wutar da ke wucewa. Da ya fara juyawa, shi kansa yana haifar da wata wutar da ke ture mai shigowa, sai abin da yake zuƙa ya ragu. A nan ake cire resista guda, wuta ta hau, ta sake sauka, a cire na gaba, har su ƙare. Da can direba ke yin haka da hannunsa. Wannan na'ura ita ta karɓe aikin: tana auna wutar, ba ta barin a hau mataki na gaba sai ta sauko ƙasa da iyakar da aka sa mata.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Me zai hana a ce atomatik kawai, kamar giyar mota?

Injiniya Bala:
Malam, atomatik siffa ce. Ƙofar jirgin ma atomatik ce. Ɗalibi zai ji cewa abin yana yi da kansa, amma bai ji me yake yi ba.

Hajiya Rabi:
Ma'aunin wuta fa? Ko birkin wuta, tunda hanawa yake yi.

Injiniya Bala:
Hajiya, duk wanda ya ji ma'aunin wuta, mitar gidansa zai tuna. Birkin wuta kuma ina roƙon a ajiye shi, domin akwai birkin lantarki na gaske, inda injin ke komawa janareta ya rage wa jirgi gudu.

Malam Sani:
To ga tawa: linzamin wuta. Mahayi ba ya sakin linzami lokaci guda. Yana riƙewa, ya ji doki ya daidaita, ya sassauta kaɗan.

Hajiya Rabi:
Ina tsoron yara su haɗa shi da makami mai linzami da suke ji a labarai.

Malam Sani:
Ai can ma daga dokin aka aro, Hajiya, ana nufin makamin da ake juya shi. Kalmar ta riga ta shiga harkar inji.

Injiniya Bala:
Wannan ta zauna mini ƙwarai. Ku duba tarihin abin: a 1897 Frank Sprague ya fito da tsarin da direba ɗaya ke juya injinan taragai da yawa daga gaba, aka fara shi a jirgin sama-da-titi na Chicago. Mutum ɗaya ba zai iya sauraron injin kowane tarago ba, dole kowanne ya samu nasa linzamin. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan samfurin 1938 da iska mai matsi ake juya sandar da ke cire musu resista, wannan na'ura ce ke ce mata tsaya ko ci gaba.

Abin da ya fi burge ni, sunan ba zai tsufa ba. Jiragen yanzu sun bar resista, inbata (na'urar da ke sauya nau'in wuta) da kwamfuta ke tace wutar ba tare da tsalle ba, amma riƙewa da sassautawar suna nan. Yaron da ya hau Blue Line na Legas daga Marina zuwa Mile 2, wanda aka buɗe a 2023, yana iya tambayar ina linzamin wutarsa, kuma tambayar ta yi ma'ana.

Na sa linzamin wuta a darasin. Cire resista ɗaya bayan ɗaya kuma zan kira shi sassauta linzami, sai dai in akwai mai ja.

Hajiya Rabi:
Ba ni da ja. Amma ka sa hoton na'urar kusa da kalmar a shafin farko.